Makullin Ɗakin Sanyi

Ranar Talata aka zare makulli ɗaya daga damin makullan Inna, kuma a gaban mutane aka zare shi. Abin da ya tsaya mata a maƙogwaro ke nan. Da Manaja ya kira ta ofis ya turo ƙofa, da wataƙila ta haɗiye. Amma sai ya tsaya a tsakiyar ɗakin jira na asibitin, ga marasa lafiya a kan benci, ga Sista babba, ga mai ba da kati, ga mai gadi ya leƙo ta taga, ya miƙa hannu ya ce, "Ba ni na ɗakin sanyi. Laifinmu ne da muka bar jahilci yana taɓa na'ura."

Shekara goma sha tara Inna tana buɗe ƙaramin asibitin nan, ta share shi, ta goge shi, kafin kowa ya iso. Makullai goma sha ɗaya ne a zobe guda, ɗaure a ƙugunta, shi ya sa babba da yaro ke ce mata Inna Makulli. Ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunta ba.

Ɗakin sanyi ɗan tsukukun ɗaki ne a bayan wurin ba da magani, mutum biyu in sun shiga sai dai na uku ya tsaya a ƙofa. A ciki babbar kwamfuta take, wadda sauran kwamfutocin asibitin ke ɗebo sunayen marasa lafiya da magungunansu daga cikinta. Kusa da ita akwai wani baƙin akwati kamar bulo, inda ake ajiye kwafin komai saboda tsautsayi. Shekara tara da suka wuce mai kula da na'urorin na farko ya gaji da sammako, sai ya koya wa Inna aikin safe. Baƙin allo ne da fararen rubutu layi huɗu. Ta danna maɓallin farko a jerin sama, kwamfutocin asibiti su farka. Ta danna na biyu, aikin jiya ya kwafu ya shiga akwati. Ta danna na uku, firinta ta manta da tarkacen da ya maƙale mata. Na huɗu na rufe allon ne kawai, ba ruwanta da shi. Inna ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma ta san fuskar allon nan kamar yadda ta san fuskar 'yarta.

Shi ya sa da safiyar Talatar ta ga layi biyar, ta tsaya. Ta ƙirga da yatsa sau biyu. Ta ciro wayarta ta kira Manaja, ƙarfe shida da rabi, ya ɗauka da buroshi a baki.

"Yallaɓai, allon nan ya ƙara layi."

"Inna, da sassafen nan? Danna abin da kika saba dannawa."

Ta danna. Maimakon sabon aiki ya shiga akwati, sai tsohon da ke cikin akwati ya fito ya kwanta a kan sabo. Duk wanda aka duba ranar Litinin ya ɓace daga na'ura, mutum sittin da 'yan kai. Kwana biyu ma'aikata suna sake shigar da su daga katin takarda, suna tsaki, suna kallonta ta gefen ido. Manaja kuwa bai ko tuna an kira shi ba.

A gida, maigidanta, tsohon direba ne da ya ajiye aiki ya koma kwance rediyo yana ɗaurawa, ya ce, "Ke ma dai. Makulli ɗaya ya rage miki nauyi a ƙugu. Goma ba su ishe ki ba?"

"Kai da ɗan sanda ya riƙe maka lasin na sati guda ka daina cin abinci, har ni nake lallashinka kamar jariri?"

"Wannan ai lasin ne."

"To wannan sunana ne. Ba makullin nake kuka ba, Malam. Kalmar nake so ya mayar bakinsa, a inda ya furta ta."

Ya juya sukudireba a hannu ya ce, "Allah ya ji ƙan Manaja tun yana da rai."

Mai kula da na'urorin na yanzu mace ce, wata huɗu da fara aiki, tana zuwa Litinin da Alhamis da Asabar, kowa na ce mata Injiniya. Doguwa ce mai tabarau, ba ta da yawan magana, kullum da jakar kwamfuta a kafaɗa da kofin shayin da ke hucewa ba ta sha ba. Ranar Alhamis Inna ta jingine tsintsiya a ƙofar ɗakin sanyi ta jira ta.

"'Yar nan, wa ya ƙara layi a allon nan?"

"Ni ce, Inna. Ranar Litinin da yamma. Na ƙara hanyar dawo da ajiya daga akwati, ko da wani abu zai lalace."

"A ina kika sa shi?"

"A na biyu. Na kwafa ya koma na uku. Ai an rubuta a jiki."

"An rubuta wa wa?"

Injiniya ta cire tabarau. "Ba Sista ce ke yin aikin safe ba?"

"Sista? Sista da ke zuwa ƙarfe takwas da kwata tana gyara ɗankwali? Shekara tara ni nake yi. Kin zo kin tarar da gida a share, ba ki tambayi wa ke sharewa ba."

Injiniya ta zauna a kan kwalin takardu. Ranar Talata da aka kira ta, an ce mata wani ya danna ba daidai ba, ita kuwa ba ta tambayi ko wane ne ba. Ta ce, "Inna, ki yafe ni. Laifina ne. Yanzu zan je in gaya wa Manaja."

"Zauna. In kin gaya masa a ofis, ya ce to, shi ke nan magana ta mutu a ofis. Kuma gobe ki ƙara wani layin, wata ta faɗa ramin. Fara cike ramin tukuna."

Injiniya ta dubi baƙin allon. Can ta ce umarnin da ke ƙarƙashi lafiyarsu lau, ba sai an taɓa su ba. Fuska kawai za ta yi musu: taga a kan allo mai maɓallai manya, a nuna da maus, linzamin kwamfuta, a danna, babu lamba, babu baƙin allo. Ta ce aikin kwana biyu ne.

"Za mu gani," in ji Inna. "Tela ma kwana biyu yake cewa."

Ranar Asabar Injiniya ta kira ta da fara'a. Ga taga toka-toka a tsakiyar allo, ga maɓallai biyar a jere, duk girma ɗaya, kowanne da ɗan rubutu kamar sawun tururuwa. Inna ta sunkuya ta duba, ta miƙe.

"Kin ɗauke ramin daga tsakar gida kin kai shi ɗaki kin shimfiɗa masa tabarma. Wanne ne mai cinye aikin mutane?"

"Wannan na biyun."

"Har yanzu yana zaune a kujerar ɗan'uwansa? Taso."

Ta ja ta zuwa sito, ɗakin da take ajiye kayan shara. Ta nuna mata kantar da take jera kaya. A ƙasa sabulu da soso da tsumma, inda hannu ke kaiwa ko ido a rufe. A tsakiya ruwan goge gilashi. Can sama kuwa, bayan wani tsohon gwangwanin fenti, maganin ɓera ne da ruwan batir, ba a kai gare su sai an jawo kujera an hau.

"Shekara goma sha tara ban taɓa wanke benci da maganin ɓera ba, kuma ban karanta kwalba ko ɗaya ba. Abin da ke kisa ba ya zama kusa da abin yau da gobe. Sai ka jawo kujera, kafin ka hau ka tuna da kanka. Ba a koya muku wannan a makaranta ba?"

"An koya mana da dogon turanci," in ji Injiniya, tana dariya. "Bai shiga ba sai yau."

Daga ranar aikin ya zama na su biyu. Injiniya ta riƙa zuwa har ranakun da ba nata ba. Inna ta gama shara ƙarfe goma, ta jawo bokiti ta kife shi a ƙofar ɗakin sanyi ta zauna, mayafi a kafaɗa saboda sanyin na'ura. Injiniya na rubutu a kwamfutarta, Inna na kallo tana yanke hukunci. Ita ce kuma ke tura mata kofin shayi tana cewa, "Sha kafin ya zama ruwan wanki."

Da aka cire rubutu aka sa zane, Inna ta nuna wani ɗan murabba'i mai baki a sama. "Wannan fa? Murhu ne ko ƙofar bayi?"

"Alamar ajiya ce. Duk duniya an san ta. Hoton wani faifai ne da ake amfani da shi a da."

"Kin taɓa riƙe shi a hannunki?"

Injiniya ta yi tunani. "A'a."

"To ke ba ki gan shi ba, ni ban gan shi ba, wa muke yi wa hoton? Ga akwatin nan a gabanki, har da tabon da na yi masa da mopa. Ɗauke shi a waya ki sa."

Haka aka yi. Maɓallin farko ya zama hoton teburin mai ba da kati da kwamfutarsa. Na biyu hoton baƙin akwatin da tabonsa. Na uku hoton firinta, har da salatif ɗin da aka ɗaure murfinta da shi. Kowanne ya kai tafin hannu. Injiniya ta sa rubutu a ƙarƙashin kowane hoto, Inna ta ce a bar shi, masu karatu ma bayin Allah ne.

Sai wata matsala ta fito. In an danna hoton akwati, taga sai ta sandare, ba ta motsi, ba ta amsawa, har minti shida. Inna ta ce ai ta mutu. Injiniya ta ce ba ta mutu ba, hannu ɗaya ne ke yin kwafar kuma shi ne ke riƙe da tagar, dole ta raba musu aiki, kwafa ta tafi can baya, taga ta tsaya tana ba da labari.

"Ashe kin sani. Mai wanki ba ta tsaron ƙofa."

Wannan ya ci wa Injiniya yini biyu da tsaki mai yawa. Da ta gama, sai ga wata siririyar sanda tana cika daga hagu zuwa dama. Inna ta ce ba ta yarda da abin da ke cika a kwance ba, ruwa ba ya yin haka. Aka tayar da ita tsaye, aka faɗaɗa ta, ta zama bokiti mai cika daga ƙasa da shuɗi. In ya cika, hoton akwati ya yi koren baki. In wayar akwati ta zare, ya yi ja, hoton wayar a zare ya fito. Inna ta sa hannu ta zare wayar da kanta don ta gani, ta mayar, ta sake zarewa. Sau huɗu ta yi, Injiniya na dafe da ƙirji.

Shi kuwa mai dawo da tsohuwar ajiya, aka kore shi daga tagar gaba ɗaya. Sai ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa a lungun sama. In ka danna shi, wata taga ja ta buɗe, tana neman kalmar sirri da Injiniya kaɗai ta sani, sannan ta nuna ranar da za a koma da yawan mutanen da za su ɓace.

"Saura kujera," in ji Inna. "Wanda ya taɓa kwaɗon nan ya kamata a yi masa magana. Ido na iya wucewa, kunne ba ya wucewa."

"Akwai ƙara da zan iya sawa."

"Ƙara ai ta agogo ce, kowa ya iya kashe ta ya koma barci. Kawo wayarki."

Sau uku aka ɗauki muryar. Na farko Inna ta yi tari. Na biyu Injiniya ta fashe da dariya ta ɓata shi. Na uku ya zauna.

A duk kwanakin nan Sista ce ke aikin safe a baƙin allo, bayan ƙarfe takwas, marasa lafiya na jira, tana ƙunƙuni. Ranar Laraba ma ta manta da kwafa sam. Inna ta ji, sai ta goge bencin ɗakin jira tana 'yar waƙa a hanci.

Ranar Asabar ta biyu Injiniya ta kira Manaja ɗakin sanyi. Ta gaya masa a fili cewa ita ta sauya jerin ba ta sanar da kowa ba, kuma na'ura ta rubuta cewa maɓallan da aka danna ranar Talata su ne waɗanda ake dannawa kowace safiya tun shekara tara. Ya ce to, to, yana kallon tagar. Mutum ne da ba ya iya ganin abu bai taɓa ba. Ya kama maus, ya danna teburin kati, ya danna firinta, ya ce ai wannan ko yaro ya iya. Sai idonsa ya kai kan kwaɗo, hannunsa ya bi.

Muryar Inna ta fito daga na'ura, ta cika ɗakin: "Tsaya nan. Aikin mutane za ka shafe. Wa ya aike ka?"

Manaja ya saki maus ya ja da baya har ya taka bokiti. Ya waiwaya, ga Inna a ƙofa, bakinta a rufe. Injiniya ta juya tana gyara wayar da ba ta lalace ba, kafaɗunta na rawa don dariya.

Ya yi 'yar dariya ya share goshi. Ya laluba aljihu ya ciro makullin. "To Inna, ga abinki. A bar maganar."

Ba ta miƙa hannu ba. "A nan aka karɓa?"

"Haba Inna."

"Yallaɓai, ban yi boko ba, gaskiya ne, ban kuma taɓa ɓoyewa ba. Amma ni na ga layi ya ƙaru, ni na kira ka." Ta ciro wayarta ta miƙa wa Injiniya. "'Yar nan, karanta masa. Talatar da ta gabaci wadda ta wuce."

"Ƙarfe shida da minti talatin da biyu," in ji Injiniya. "Daƙiƙa goma sha tara."

"Da buroshi a bakinka. Ka ce in danna abin da na saba."

Manaja ya dubi wayar, ya dubi ƙasa. Ba mugun mutum ba ne, mai saurin baki ne kawai, irin waɗanda harshensu ke isa kasuwa kafin ƙafarsu. Ya ce, "Na tuna."

"To riƙe makullin. Ranar Talata, ƙarfe tara, lokacin da benci ya cika. Ba na son kyauta, ba na son a ce mini sannu da ƙoƙari. Inda aka zubar, nan za a kwashe."

Da ta gaya wa maigidanta, ya ajiye rediyo ya ce, "Yanzu mutumin ya ba ki makulli kin ƙi karɓa? Ni da an miƙo mini lasin ko ta taga ne ai da gudu zan karɓa."

"Shi ya sa kai aka riƙe naka sati guda."

Ranar Talata Inna ta sa sabon zani a ƙarƙashin rigar aiki. Ƙarfe tara ɗakin jira ya cika. Ba marasa lafiyar wancan karon ba ne, amma ga Sista, ga mai ba da kati, ga masu ba da magani biyu, ga Injiniya da ta zo duk da ba ranarta ba ce. Manaja ya fito ya yi gyaran murya. Ya ce abin da ya faru makonni biyu da suka wuce ba laifin Inna ba ne, ita ce ma ta ga matsalar ta kira shi, shi ne bai saurara ba. Ya ce kalmar da ya faɗa bai kamata ba, ya janye ta.

Inna ta dubi taga. "Mai gadi bai ji ba. Wancan karon ya ji."

Wata tsohuwa a kan benci ta rufe baki da mayafi. Manaja ya ɗaga murya ya maimaita, har mai gadi ya ɗaga hannu daga waje alamar ya isa. Sannan ya miƙa makullin. Inna ta karɓa, ta buɗe zoben da farcen babban yatsa, ta zura shi a gurbinsa, tsakanin na sito da na ƙofar baya.

"Na yafe," ta ce. "Ku ɗaga ƙafa, ban goge nan ba."

Injiniya ta biyo ta har sito ta ce daga yau duk abin da za ta sauya a tagar sai Inna ta gani ta yarda. Ta ce wani asibitin da take yi wa aiki ma suna son irinta, har da muryar.

"Su nemo tasu tsohuwar. Kowane gida da mai faɗansa."

Washegari ƙarfe shida da kwata Inna ta buɗe ɗakin sanyi da makullinta. Ta ƙirga hotunan da yatsa, uku ne, kowanne a inda ta bar shi, kwaɗo na can sama a lungunsa. Ta danna teburin kati, ta ji kwamfutoci suna farkawa ɗaki bayan ɗaki. Ta danna akwati mai tabo, shuɗin ruwa ya fara taruwa a gindin bokiti. Minti shida yake ɗauka, ta sani, daidai sharar baranda. Ta ɗauki tsintsiya ta fita, ta bar ƙofar a buɗe kaɗan yadda za ta hango koren in ya fito.